Daga Kafin Alƙalami Zuwa Miƙa Kalmar Sirri: Yadda Nake Tsare Haƙƙina a Aikin Gina Shafukan Intanet

Duk wanda yake gina wa mutane shafukan intanet da ƙashin kansa, ba a ƙarƙashin wani kamfani ba, yana sayar da hajar da ba ta komawa kasuwa. Tela idan mai ɗinki ya ƙi zuwa da kuɗi, rigar tana nan rataye a shagonsa, kuma yadin ma na mai rigar ne, don haka shi ne zai fi jin zafin barinta. Mu kuwa shafin da muka gina wa wani asibiti ko wata makaranta, ɗauke da sunansu da tambarinsu da hotunansu, ba ya amfanar kowa sai su kaɗai. Idan suka janye, makonnin da aka shafe a gaban kwamfuta, da datar da aka ƙona, da man janareta, duk sun bi ruwa. Wannan ne ya sa na ɗora aikina a kan ƙa'ida guda, wato kada aikin da ya fita daga hannuna ya taɓa zarce kuɗin da ya shigo. Zan nuna yadda hakan yake gudana ta hanyar bin aiki ɗaya tun daga farkonsa har ƙarshensa: kantin intanet da na gina wa wani dattijo mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, a Kano, a farkon shekarar 2024.

Babban ɗansa ne ya haɗa mu, kuma shi ne mai sha'awar abin tun asali. A zamanmu na farko Alhaji ya gaya mini a taƙaice cewa yana son shafin da mace za ta zauna a Abuja ko Maraɗi ta zaɓi turmin atamfa, ta biya, a aika mata, sannan ya tambaye ni nawa ne. Ban faɗi farashi a ranar ba, kuma ba na faɗa wa kowa a zaman farko, domin duk adadin da ya fita daga bakin mai gina shafi a irin wannan zama shi ne zai zauna a kan mai bayar da aikin, ko da daga baya an gano aikin ya ninka abin da aka zata. Na roƙi a ba ni dama in yi tambayoyi. Kaya kala nawa za a fara ɗorawa? Wa zai ɗauki hotunansu, wa zai rubuta bayanin kowanne? Da Hausa za a yi shafin, ko da Turanci, ko da duka biyun? Wa zai riƙa sauya farashi idan kasuwa ta motsa? Ta tasha za a aika kaya ko ta kamfanin kai saƙo, kuma wa zai biya kuɗin? Amsoshin nan su ne ainihin girman aikin. Na koma gida na rubuta su a takarda guda, na jera abin da zan yi, na kuma jera a ƙasansa abin da ba ya cikin jingar, kamar ɗaukar hoto da talla a Facebook da manhajar waya. Wannan jeri na biyu ya fi na farko tsare mini aljihu, domin rigimar da ke tashi a sana'armu yawanci ba a kan abin da aka faɗa take ba, a kan abin da kowa ya ɗauka an fahimta ne ba sai an faɗa ba.

Da na zo yanka farashi sai na raba shi gida biyu. Gida na farko ladan aikina ne, a naira, wanda ba ya sauyawa matuƙar aikin bai sauya ba. Gida na biyu kuɗin abubuwan da za a saya wa shafin ne daga wasu kamfanoni: sunan shafin da muke kira domen, da masaukin da zai zauna a kai, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye shi a intanet, da lasisin samfurin fasalin da za a ɗora a kan WordPress, manhajar da ake gina shafin da ita. Yawancin waɗannan da dala ake sayar da su, ko kuma farashinsu na naira yana bin dala sau da ƙafa. Na rubuta su a dala, na ƙara da cewa za a biya su ne a kan canjin ranar da aka saya, kuma tayin nawa gaba ɗaya mako biyu yake yi ya faɗi.

Wanda bai yi wannan aiki a waɗancan watanni ba zai ga kamar ƙaƙale ne. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 700. A ƙarshen Janairun 2024 kuma, daidai lokacin da muke tsakiyar wannan ciniki, ta tashi daga wajen naira 900 zuwa sama da 1,400 cikin 'yan kwanaki. Na san abokan sana'a da suka yi jinga dunƙule a watan Disamba, suka ce wa mai aiki kuɗin ya haɗa da komai har masaukin shekara guda, da suka zo saye sai suka tarar ladan guminsu ne zai cike giɓin. Da yake na riga na ware kuɗin saye daban, tashin dalar bai taɓa ladana ba, Alhaji kuma bai ji an yi masa ƙari ba, tunda shi ma da dala yake sayo shadda, ya fi ni sanin halin da ake ciki. Na ba shi shawarar mu ɗauki domen mai ƙarewa da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi kuma ake biya da naira ta hannun kamfanonin da ta amince wa, domin masu sayen kayansa galibi a nan gida suke.

A kan domen ina da ra'ayin da ya saɓa wa na wasu abokan aikina, kuma ina riƙe da shi da gaske. Da yawa suna yin rajistarsa da sunansu da imel ɗinsu, wai don ya zama jingina a hannunsu idan mai aiki ya ƙi biya. Ni da sunan Alhaji aka yi, da imel ɗin kasuwancinsa, da kuɗinsa. Sunan kasuwancin mutum dukiyarsa ce, riƙe masa shi ba tsare haƙƙi ba ne, cin amana ne da ake jiran ranarsa. Ban da haka ma nauyi ne mai tsada ga mai riƙon, domin duk shekara shi zai sabunta, idan kuma ya manta wa'adin ya wuce, fanso domen da ya faɗi yana cin kuɗi ninkin ba ninkin na sabuntawa, wani lokaci ma wani ya riga ya saye shi. Wanda ya tara domen ashirin na mutane a asusunsa ya ɗaura wa kansa bashi ashirin da ba shi ya ci ba.

Mataki mafi wuya shi ne na rubuta yarjejeniya, kuma wuyarsa ba ta shari'a ba ce, ta kunya ce. An rene mu a kan cewa neman dattijo ya sa hannu a takarda tamkar ce masa ba a yarda da shi ba ne. Da na ajiye takardar a gabansa sai ya ce: "Malam, ai mu nan magana ce takardarmu. Ana ɗaukar kayan miliyoyi a kasuwar nan da baki kawai." Gaskiya ya faɗa, kuma ban musa ba. Na ce: "Ranka ya daɗe, idan an ce dila guda ta atamfa kaza, da kai da mai saye kun san abin da ake nufi, kuna iya kwancewa ku ƙirga. Shafin nan kuwa bai wanzu ba tukuna, akwai hotonsa a zuciyarka, akwai wani a zuciyata, akwai na uku a zuciyar ɗanka. Takardar nan ita za ta mai da su ɗaya." Na kuma tuna masa abin da ya fi ni sani, cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashin da ke tsakaninsu zuwa ajali sananne, su kafa shaidu, kuma kada su ƙosa da rubutawa ƙarami ne ko babba. Bai ƙara ja ba. Ya sa aka karanta masa ita da Hausa, ya sa hannu, ɗansa da wani maƙwabcin shagonsa suka shaida.

Takardar shafi biyu ce kacal, kuma wani lauya ya taɓa duba mini tsarinta sau ɗaya na biya shi, tun daga nan nake sauya sunaye da adadi kawai. Ta raba biya kashi uku: rabin ladan a matsayin kafin alƙalami, kashi 30 cikin ɗari idan an amince da fasalin shafin, ragowar kashi 20 kafin a buɗe shi ga jama'a. Ta ce zagaye biyu na gyara suna cikin farashi, na uku kuma da kuɗinsa. Ta ce wa'adin kammalawa yana fara ƙirguwa ne daga ranar da hotuna da farashin kaya suka iso hannuna, ba daga ranar sa hannu ba, domin abin da ya fi jinkirta irin wannan aiki shi ne jiran kayan mai shi. Ta ambaci sunan mutum ɗaya tak da maganarsa ce amincewa, don kada in gyara abu bisa umarnin ɗa, washegari uba ya ce a mayar. Ta ce idan aka yi wata guda ba a amsa mini ba aikin ya tsaya, kuma tayar da shi sai an sake duba farashi. Ta kuma ce mallakar zane da rubutun da na ƙirƙira tana komawa ga Alhaji ne ranar da ya cika kuɗi. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da gindi a doka, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta ɗaukar miƙa irin wannan haƙƙi ga wani sai an yi shi a rubuce.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka ban buɗe kwamfuta a kan aikin ba sai da kafin alƙalami ya shigo. Shigowa kuma a wurina ba hoton rasit a WhatsApp ba ne, ba kuma saƙon alat ba ne, domin duka biyun ana ƙirƙirar na bogi. Sai na shiga manhajar banki na ga kuɗin a cikin asusu da idona. Asusun na kasuwanci ne, da sunan sana'ar da na yi wa rajista a hukumar CAC, ba wanda nake cefane da shi ba. Rajistar ta ci kuɗi da ɗan zirga-zirga, amma ta ba ni lambar haraji da takarda mai kan suna, kuma mutane sun fi sakin jiki su tura rabin kuɗi zuwa asusun da ke ɗauke da sunan sana'a. Na ba shi rasit nan take. Wani abin da nake kiyayewa shi ne, kafin alƙalami ba nawa ba ne tukuna. Ina barinsa a asusun, ina ɗiba gwargwadon aikin da na kammala, saboda idan rashin lafiya ko wani uzuri ya hana ni ci gaba, yarjejeniyar ta wajabta mini mayar da abin da ban yi aikinsa ba, kuma mai ginin da ya cinye kuɗin tun a makon farko ba shi da bakin cewa ya fasa ko da an ƙuntata masa.

Na gina shafin a kan masaukina, a wani adireshi na gwaji da ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri. Suna iya shiga su gani, su latsa, su gwada saye, amma ba ya hannunsu. A nan ne ƙa'idar da na ambata take aiki a zahiri, domin mai aiki yana ganin inda kuɗinsa ya tafi, ni kuma abin da ba a biya ba bai bar wurina ba. Da suka amince da fasalin sai kashi na biyu ya shigo ba tare da wata magana ba.

Daga nan ƙare-ƙare suka fara, kamar yadda suke farawa a kowane aiki. Ɗan Alhaji ya turo saƙon murya da dare cewa a ɗan ƙara wani sashe na 'yan sari, inda dillalai za su shiga da sunansu su ga farashi daban da na masu sayen ɗai-ɗai. A bakinsa ƙaramin abu ne, a hannuna kuwa aikin fiye da mako guda ne. Ban ce a'a ba, domin shawara ce mai kyau ga kasuwancinsu. Na rubuta masa cewa na ji buƙatar, ba ta cikin takardar da muka sa wa hannu, ga kuɗinta ga kwanakin da za ta ƙara, idan Alhaji ya amince sai in fara. Suka yi shawara suka ce a bari sai bayan salla. Haka nake yi bayan kowace waya da kowane saƙon murya: ina rubuta taƙaitaccen abin da aka cimma in tura, in nemi a amsa da "haka ne". Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta ko waya idan an cika sharuɗɗansa, amma ba kotu ce a raina ba sa'ad da nake rubutawa. Mutum yakan manta abin da ya faɗa da gaske, ba don mugunta ba, kuma saƙon da ya amsa da hannunsa yana tuna masa ba tare da an ƙaryata shi a gaban mutane ba. Ƙananan abubuwa kuwa, irin sauya launi ko ƙara lambar waya, ina yin su kyauta da daɗin rai, sai dai ina rubuta su a takardar neman biya in sa sifili a gabansu, don a san ihsani ne ba wajibi ba.

Wajen karɓar kuɗin masu saye mun yi amfani da Paystack, kamfanin da ke karɓar biya ta intanet, kuma da sunan kasuwancin Alhaji aka buɗe asusun, kuɗi yana faɗawa bankinsa kai tsaye. Na bayyana masa tun farko cewa a lokacin kamfanin yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida, kuma cirewar ba ta wuce naira 2,000, don kada ya ga giɓi ya zarge ni. Ba na yarda kuɗin cinikin wani ya ratsa ta asusuna ko da na kwana ɗaya ne, domin ranar da wata ta ce ta biya ba a aika mata kaya ba, sunan da ke kan asusun shi za a nema. Haka nan sunaye da lambobi da adireshin masu saye, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyin tsare su a kan mai tattara su, na rubuta a yarjejeniya cewa na Alhaji ne kuma ba na ajiye kwafinsu bayan miƙa aiki. Samfurin shafin ma na asali muka saya. Akwai na sata da ke yawo kyauta a intanet, amma sau da yawa an cusa musu ƙofar ɓoye da ɓarayi ke shiga, kuma ranar da aka kutsa shafin, mai ginin ne zai kwana yana gyara ba tare da ko sisi ba.

An kammala aiki ana gab da azumi, wanda ya kama a watan Maris a waccan shekara, lokacin da cinikin kayan salla yake tashi. Nan ne aka zo gwajin gaske. Ɗan Alhaji ya kira ya ce kuɗi sun shige cikin kaya, a buɗe shafin yanzu, cikon zai zo da zarar an fara ciniki. Na san ba ƙarya yake yi ba, haka kasuwa take a wannan lokaci. Amma na san kuma cewa ciko yana da daraja ne kawai kafin a buɗe shafi. Bayan an buɗe, sai ya koma bashin da ake bi da "gobe in sha Allahu" har a ji nauyin tambaya. Ban ja magana da shi ta waya ba. Na je shago na gai da Alhaji, na nuna masa shafin a wayarsa, aka gwada sayen turmi guda a gabansa, sannan na ce: "Ranka ya daɗe, aiki ya kammala, saura kashin ƙarshe kamar yadda muka rubuta. Da ya shigo, kafin la'asar jama'a za su fara gani." Ya dubi takardar, ya umarci ɗansa ya tura, aka tura a wurin.

Wasu za su ce me zai hana a buɗe, idan bai biya ba a rufe masa. Wannan hanya ce mai haɗari da nake gargaɗin duk wani sabon shiga a kanta. Da zarar shafi ya koma masaukin mai shi, shiga ciki a lalata ko a kulle ba da izininsa ba yana iya faɗawa ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, sai mai bin bashi ya wayi gari shi ne ake tuhuma. Wanda aka riƙe wa haƙƙi bayan ya miƙa aiki, hanyarsa ita ce takardar neman biya mai wa'adi, sannan sasanci ta hannun wanda ya haɗa cinikin ko shugabannin kasuwa, idan abin ya faskara kuma kotu. A Kano akwai kotun ƙananan basussuka tun 2019, wadda aka kafa don da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba. Sai dai abin da za a fara tambayarsa a can shi ne takardar yarjejeniya da rasit da saƙonni, wato abubuwan da ba a iya tanadarsu sai tun ana shiri.

Tsarin yana ɗan sauyawa idan mai aikin ba irin Alhaji ba ne. Kamfanoni da ƙungiyoyi ba su cika son ba da rabi a gaba ba, sukan biya bayan wata guda, kuma sukan cire harajin da ake yankewa tun daga tushe, don haka ba na fara musu aiki sai da takardar ba da aiki mai sa hannu, kuma ina neman shaidar harajin da suka cire domin tana rage abin da ake bina. Masu aiki daga ƙasashen waje kuwa, dandali irin Fiverr, wanda ke haɗa masu ba da aiki da masu yinsa ta intanet, yana riƙe kuɗin kafin a fara, yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari, yana kuma jinkirta sakin ragowar kwana 14. Da tsada, amma ya fi bin bashin mutumin da ke Ingila ko Amurka. Wanda kuma ya ce ya turo fiye da kuɗin aiki bisa kuskure, a mayar masa da rara ta wani asusu daban, wannan damfara ce sananniya, ba na ko amsa masa.

A yammacin ranar da cikon ya shigo na kwashe shafin zuwa masaukin Alhaji, na buɗe shi, na rubuta duk kalmomin sirri a takarda na miƙa masa hannu da hannu, na sa ɗansa ya sauya su a gabana domin kada wani abu ya faru nan gaba a ce akwai makulli a wurina. Na ba su kwafin ajiya na shafin, suka sa hannu a takardar karɓar aiki, wadda ta ce duk matsalar da ta fito daga aikina cikin kwana 30 zan gyara kyauta, ban da abin da hannun wani ya ɓata. Kula da shafin bayan wannan, wato sabunta manhajoji da ajiye kwafi da ɗora sababbin kaya, mun yi masa yarjejeniya dabam wadda ake biya duk wata uku a gaba. Wata guda kafin domen da masaukin su cika shekara nakan aika wa Alhaji takarda ɗauke da ranar ƙarewa da farashin sabuntawa na lokacin, shi kuma ya biya kamfanin kai tsaye daga asusunsa.